Shekarar da Ni da Baba Muka Koyi Lissafi

Gidanmu yana Rikoto, cikin garin Zuru, a ƙarshen wani layi da ke gangarawa wajen rafi. Baba ya gina shi bayan ya bar aikin soja, ɗaki uku da rumfar kwano a gaba, kuma a ƙarƙashin rumfar nan yake wuni. Yana da wani tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da dutse, a kansa rediyoyin mutane ne jibge, wasu an buɗe cikinsu, wasu an ɗaure su da roba suna jiran a zo kansu. A sashen sadarwa ya yi aikinsa na soja, shi ke ɗaukar wayar oba-oba, shi ke gyara ta, har ya yi ritaya da igiya biyu a hannu. Shi ya sa duk unguwa Kofur ake ce masa. Mama ma, idan ranta ya ɓaci, haka take kiransa.

Ni ce auta. Yayyena maza biyu sun bi sawun Baba sun shiga soja, yayata mace kuma tana aure a Bena. Sai ya zama ni kaɗai na rage a gida, ni ke riƙe masa waya idan zai ɗiga dalma, ni ke nemo masa ƙaramin kusa idan ya faɗi cikin ƙasa. Na iya narkar da dalma tun kafin in iya tuƙa tuwon dawa ba gudaji. Mama ta yi ta faɗa a kan haka har ta gaji ta bar mu.

A makaranta ban kasance ta baya ba. Turanci ina ja, kimiyya ina ja, musamman ranar da za a shiga ɗakin gwaji a taɓa abu da hannu. Lissafi ne kawai muka raba hanya da shi tun ina ajin farko na sakandare. Na yi jinyar taifot kusan zango guda, da na koma sai na tarar an fara saka haruffa a cikin lambobi. Kowa a ajin ya san dalili, ni kaɗai ce ban sani ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Haka na yi ta tafiya aji bayan aji, ina kwafar abin da ke kan allo kamar mai zana hoto. Da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, na ci komai, lissafi na faɗi warwas.

Wannan a farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Zuru, mutane suna hawa tudu suna ɗaga hannu sama don neman sabis. Wani mutumin garinmu da ya daɗe a Legas ya dawo ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha, ya ɗauke ni aikin buga takardu. Oga muke ce masa. Tsofaffin kwamfutoci uku ne a shagon, masu ƙaton kai, da janareta a bayan ƙofa da ke sa mu ɗaga murya in za mu yi magana. Katin biki, takardar neman aiki, aikin ɗalibai, duk ni nake bugawa. Idan kwamfuta ta lalace, Oga yakan naɗe ta da bargo ya shiga mota ya kai ta Kontagora, wani lokaci sai ta yi mako biyu ba ta dawo ba.

Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ɗaya daga cikinsu ta yi ƙara, ta yi warin ƙuna, ta mutu. Warin nan na san shi tun ina ƙarama. Oga ba ya nan, sai na kwance bayanta, na ciro akwatin da ke raba mata wuta, na kai gida a cikin leda. Ni da Baba muka buɗe shi a kan tebur, muka ga wasu 'yan gwangwanaye biyu sun kumbura. Baba ya tono irinsu daga wata matacciyar talabijin, ni na ɗiga dalmar. Washegari na mayar, na danna, kwamfuta ta tashi. Oga ya tsaya yana kallona, hannu a ƙugu.

“Ashe injiniya na ɗauka ban sani ba,” in ji shi.

Daga ranar bai ƙara naɗe kwamfuta da bargo ba. Har daga wasu ofisoshi aka fara kawo mana gyara. Ni kuma maganar nan tasa ta zauna mini a rai, na ƙudura cewa injiniyan kwamfuta zan zama, na gaske, mai takardar jami'a. Abu ɗaya ne ke damuna. Wata rana da rana, babu kowa a shagon, na tambaye shi ko wannan karatun yana buƙatar lissafi.

Ya yi dariya. “Lissafin me? Ita kwamfutar ba don ta yi wa mutum lissafi aka yi ta ba? Ke dai hannunki ya iya, shi ke nan. A Legas na ga yara da ko firamare ba su gama ba, suna haɗa kwamfuta tun daga tushe.”

Amsar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na riƙe ta da kyau, na kai ta gida da yamma, na zube wa Baba ita a ƙarƙashin rumfa ina murna.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ajiye ƙarfen dalma a kan murhunsa, ya goge hannu da tsumma. Mu 'ya'yan bariki ne, da Hausa yake mana magana, irin Hausarsa ta soja. Yarenmu na C'lela sai tsakaninsa da Mama, ko kuwa idan magana ta yi nauyi. Ran nan kuwa da C'lela ya ce mini in jawo kujera in zauna.

Ya ce lokacin da yake soja an tura shi kwas na ƙarin girma, wanda in ya ci zai sami igiya ta uku ya zama mai kula da ɗakin gyara gaba ɗaya. A ɓangaren aikin hannu babu wanda ya kama ƙafarsa. Idan malamin ya ɓoye matsala a cikin rediyo, shi ke fara gano ta. Amma akwai jarrabawar takarda, cike da lissafin wuta, shi kuma karatunsa bai wuce 'yan shekarun firamare a ƙauye ba. Ya haddace ƙa'idojin kamar waƙar coci, ya shiga, ya faɗi. Bayan wasu shekaru aka sake tura shi, ya sake faɗuwa. Yaran da shi ya koya wa riƙe ƙarfen dalma suka wuce shi, suka dawo suna ba shi umarni yana sara musu.

“Ban ji haushinsu ba, Auta,” in ji shi. “Sun ci, ni ban ci ba. Abin da ke cin raina shi ne, zan gyara abu ya yi aiki, amma in ka tsayar da ni ka ce don me ya yi, ban sani ba. Abin da wani ya riga ya ƙera ne kawai nake iya bi. In ya zo da wata sabuwar fuska, sai in tsaya in jira wanda ya yi karatu.”

Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Na ce, “Baba, wannan ai rediyo ne. Ni kwamfuta nake magana.”

“Wuta ɗaya ce ke bin cikinsu,” ya ce, ya ɗauki ƙarfensa.

Ban yarda ba. Abin da ya karya ni wata ɗaliba ce da nake buga wa aikinta na makaranta, wadda ta ce mini kai tsaye babu jami'ar da za ta kalle ni a fannin injiniya ba tare da kiredit a lissafi ba. Sai na ce a raina to, zan haddace abin da za a haddace, in ci jarrabawar, in manta da shi. Da wannan niyyar na gaya wa Baba zan sake zama.

Layi biyu daga namu akwai wani malamin lissafi na sakandaren maza. Bakabe ne, Musulmi, daga can yammacin jihar aka turo shi Zuru tun yana saurayi, ya yi aure ya zauna. Siriri ne, mai sanyin murya, kullum akwai farin alli a gefen hannun rigarsa. Baba ne ke gyara masa rediyonsa, don haka da ya je ya roƙe shi bai yi musu ba. Ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar, mu yi har a kira magariba. Yana da allon katako da ya shafe da baƙin tsohon batir, yakan jingina shi a jikin dalbejiyar ƙofar gidansa.

Ranar farko Baba ya ce zai raka ni. Na ɗauka don mutunci ne, kada a ce budurwa tana zuwa ƙofar gidan namiji ita kaɗai. Amma na ga ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki 'yar kujerarsa a hannu. Da muka isa aka gaisa, Malam ya nuna masa gefe.

“Baba Kofur, ga tabarma can ga inuwa, ku huta.”

Baba ya dasa kujerarsa daidai gaban allo, kusa da tawa. “A'a, Malam. Ni ma karatun na zo.”

Malam ya fara dariya, sai ya dubi fuskarsa ya ga ba wasa a ciki. Ya haɗiye dariyar, ya ce, “To, madalla. Bismillah.”

Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Ƙofar gidan a bakin hanya take. Masu dawowa daga gona suna rage tafiya su kalle mu, 'yan acaɓa suna yi mana hon, wani tsohon abokin Baba ya tsaya da kekensa ya ce, “Kofur, janar kake son zama yanzu?” Baba ya ɗaga masa hannu kawai, idonsa na kan allo. Ran Lahadi matan zumunta na coci suka tare Mama da maganar, ta dawo ta ce da shi ya dubi furfurarsa. Ya ce ya duba, tana nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda Malam ya mayar da mu. Ya ba ni 'yan tambayoyi a ranar farko, ya duba abin da na rubuta, washegari sai ga mu a kan rabi da kwata, lissafin 'yan firamare. Na ce masa ni fa na gama sakandare.

“Na sani, ɗiyata,” ya ce. “Amma nan ne ramin yake. In ba mu cike shi ba, duk abin da muka aza bisa sai ya rufta.”

Baba ya fi ni saurin lissafin ka. Kafin Malam ya gama rubuta lambobi ya ba da amsa. Amma da aka zo kan haruffa sai ya koma tafiyar tsoho. Rubutunsa manya-manya ne, layi ɗaya yakan cinye masa rabin shafi. Tabaraunsa ya karye a gefe, ya ɗaure da wayar rediyo. Idan bai gane ba sai ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, ya ce, “Malam, a sake.” Malam ya sake. Ya ce a ƙara sakewa. Tambayoyin da na shekara biyar ina jin kunyar yi, su yake yi da babbar murya a bakin hanya. Ni ina gefe na sunkuyar da kai, amma ina jin amsar, kuma a karo na uku ko na huɗu sai in ji abin ya shiga.

Duk da haka akwai makon da na yi yaji. Wasu 'yan ajinmu na da suka wuce suka gan mu, na ji dariyarsu har bayan sun sha kwana. Sai na fara tsayawa a shago har yamma, ina cewa aiki ya yi yawa. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ci gaba da ɗaukar kujerarsa yana tafiya shi kaɗai. Ran Asabar da safe ina shara, ya kira ni rumfa.

“Auta, zo ki duba mini wannan. Malam ya ba ni aikin gida, tun jiya nake fama.”

Na duba. Ya manta ne cewa in aka ɗebe abin da ke cikin baka, alamar kowane ɗaya tana juyawa. Na nuna masa, ya ce bai gane ba, na sake bi da shi a hankali da misalin buhunan dawa. Ina cikin bayani na ji kaina ina faɗin dalilin abin, ba haddarsa ba. Ban taɓa yi wa wani bayanin lissafi ba a rayuwata. Ya gyara, ya ce, “Yawwa,” ya rufe littafin. Ran Litinin da la'asar ni na ɗauki kujerun biyu.

Da damina ta kankama muka koma cikin zauren Malam. Wata rana ana ruwa, yana koya mana yadda ake juya ƙa'ida, wato a fitar da harafin da ake nema ya tsaya shi kaɗai a gefe guda. Ya zana sikeli irin na masu sayar da nama a kasuwa, ya ce alamar daidai ita ce tsakiyar sikelin.

“Abin da duk kuka yi ma wanga ɓangare, ku yi ma wancan. In kun raba nan, ku raba can. Sikeli ba shi karkata.”

Muka yi misali biyu ko uku. Sai Baba ya ɗaga hannu.

“Malam, akwai wata ƙa'ida da na sani tun a soja. In faɗa ka rubuta?”

Ya miƙe zaune ya karanto ta da Turancin bariki, ba gargada, kamar jiya ya haddace. Ƙa'idar wutar lantarki ce, mai haruffa uku: ƙarfin da ke tura wuta daidai yake da yawan wutar da ke gudana, a ninka da taurin hanyar da take bi. Malam ya rubuta.

“To,” in ji Baba, “in aka ba ni waɗannan biyun na dama, na iya, ninkawa ne. Amma su a jarrabawa sai su ba ni na hagu da ɗaya na dama, su ce in nemo ɗayan. Nan nake tsayawa.”

Malam ya matso. Ya miƙa masa alli.

Baba ya tashi, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya daɗe a gaban allon. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin ɓangaren dama ya rubuta harafi, ya ja layi a ƙarƙashin na hagu ya rubuta irinsa. Ya soke biyun da suka yi kama. Harafin da yake nema ya rage shi kaɗai.

“Shi ke nan, Malam?”

“Shi ke nan, Baba.”

“Babu wani abu a bayansa?”

“Babu.”

Ya koma ya zauna. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya yi ta gogewa. Ruwa na dukan kwano. Malam ya ce bari ya duba ko an kawar da itace daga tsakar gida, ya shiga ciki, bai fito ba sai da aka jima. Ni kuma na kafa ido a kan littafina, ban san inda zan sa kaina ba.

Da ruwa ya tsagaita muka kama hanya, muna tsallake kwata. Sai da muka zo ƙofar gida Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Da a ce wani ya zauna da ni a lokacin, ko na yini ɗaya ne.”

Bai shiga ɗaki ba. Ya wuce rumfa, ya ɗauko mitarsa da batir da wani ɗan ƙarfe mai zanen launi daga cikin tarkacensa. Ya yi lissafi a bayan kwalin sigari, ya rubuta abin da ya kamata mita ta nuna, sannan ya haɗa wayoyin. Allurar ta tashi ta tsaya kusa da inda ya ce. Ya kira ni na gani. Ya kira Mama, ta fito da muciya a hannu, ya yi mata bayani tiryan-tiryan da C'lela. Ta dubi allurar, ta dube shi, ta ce to ta gani, tuwo na hucewa.

Na zauna jarrabawar a ƙarshen shekarar, na sami kiredit. Ba mai ƙyalli ba ne, amma nawa ne, na san yadda aka yi kowace amsa ta fito. Shekarar da ta biyo na sami gurbi a wata jami'ar fasaha, a fannin da nake so. Oga ya yi mini fatan alheri, ya ce har yanzu yana kan bakansa, ɓata lokaci zan je yi, amma in na dawo hutu akwai gyara na jirana.

A shekara biyun farko a jami'a da ƙyar muka taɓa kwamfuta. Lissafi ne a kan lissafi, wani iri da ban taɓa jin sunansa ba. Akwai na canjin abu a kan lokaci, akwai na jerin lambobi a cikin akwati, akwai wanda babu komai a cikinsa sai sifili da ɗaya. Wannan na ƙarshen ne ya fara buɗe mini ido. Ranar da aka nuna mana yadda ake tashi daga sifili da ɗaya a kan takarda har a kai ga 'yar da'irar da ke tara lambobi biyu, na tuna koren allon nan na cikin kwamfuta da nake ɗiga wa dalma a shago. Ashe kowane siririn layi a kansa sai da wani ya zauna ya lissafa kafin a ja shi. Oga bai yi ƙarya ba, ana iya cin abinci da kwamfuta ba tare da wannan ba, kuma ni kaina yau nakan yi makonni a wurin aiki ban warware lissafi ko ɗaya ba. Amma ba abin da na je nema ke nan ba, kuma sai da na shiga ciki na san haka.

Baba ya sayi 'yar wayar hannu saboda ni. Ran Lahadi bayan coci yakan hau tudun bayan gidanmu ya kira, tambayarsa ɗaya ce kullum: “Ina aka kai ku?” In yi ta ƙoƙarin bayani, ya yi ta cewa “to, to,” na san ba ya bi, amma ba ya so in taƙaita. A shekara ta biyu na faɗi wani kwas na lissafi, aka ce sai na maimaita. Na gaya masa ina kuka.

“Sau ɗaya ne,” ya ce. “Ki nemi wanda zai zauna da ke. Kada ki ji kunyar cewa a sake.”

Ina shekara ta uku, ana tsakiyar zango, yayata ta kira daga Bena ta ce in taho gida. Baba ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na same shi an dawo da shi daga asibiti, yana kwance a ɗakin Mama, ya rame, bakinsa ya karkace. Ya gane ni. Amma wani abu ya faru da harshensa: Hausar da ya yi shekaru yana yi ta tafi kusan duka, Turancin soja ma haka. C'lela kaɗai ta rage masa, ita ma a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

Kwana biyu da zuwana Malam ya zo dubiya. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a kan tabarma kusa da gado, ya kama hannun Baba na hagu. Shi duk zamansa a Zuru bai iya C'lela ba sai gaisuwa, don haka ni na zama tafinta. A nan ne na ji abin da ba wanda ya gaya mini a waya. Bayan na tafi jami'a Baba bai daina zuwa ba. Ya ci gaba da ɗaukar kujerarsa duk Litinin da Alhamis, shi kaɗai a gaban allo. Malam ya ce sun gama aljabara ta ƙananan aji, sun shiga lissafin kusurwa, kuma ran Alhamis ɗin da ta wuce ne karo na farko da ya jira bai gan shi ba.

Baba ya motsa baki, ya yi magana da ƙyar. Na matsa kusa, ya maimaita.

“Mi ya ce?” in ji Malam.

Na ce, “Ya ce ku yi haƙuri, ya yi fashin makaranta.”

Malam ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya juya fuska wajen bango. Da ya juyo ya ce, “Ki hwaɗa mishi ba a rubuta shi ba. Kujerarshi na nan.”

Baba bai koma ba. Ya rasu bayan an gama girbin dawa. Aka kai shi ƙauyensu a cikin duwatsu, inda aka binne iyayensa. Yayyena suka zo da kakinsu, tsofaffin sojoji 'yan uwansa suka jeru suka sara masa, mata suka yi waƙoƙi da C'lela. Malam ya zo a kan acaɓa, hanyar duk duwatsu, ya tsaya can gefe a ƙarƙashin wata ɗorawa har aka gama addu'a, sannan ya matso ya zuba ƙasa da hannunsa.

Muka dawo Rikoto aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Ana kwana uku Malam ya sake zuwa, ya gaida Mama, sannan ya tambaye ni labarin kwas ɗin da na faɗi, don Baba ya gaya masa. Na ce jarrabawar na tafe, ban buɗe littafi ba, kuma ba na jin zan iya. Ya ce in kawo ya gani. Na ɗauko masa. Ya yi ta juya shafuka, yana gyara zama.

“Wanga ya fi ƙarfina, ɗiyata,” ya ce. “Mun taɓa shi sama-sama a kwaleji, na manta. Amma taho da shi gobe bayan la'asar, mu duba tare.”

Haka muka yi sauran kwanakin da suka rage mini. Shi bai sani ba, ni ban sani ba. Mukan karanta misali ɗaya, mu rufe littafi, kowa ya gwada, mu haɗa. Sau da yawa dukanmu mukan kuskure, wani lokaci ni ke ganowa kafin shi, sai ya ce in hau allo in nuna masa. Ba ma maganar Baba. In aka kira magariba ya ajiye alli ya tafi alwala, ni in kama hanyar gida.

Na koma makaranta na zauna jarrabawar, na tsallake da ƙyar, da mafi ƙanƙantar makin da ake wucewa da shi. Na kira Malam na gaya masa, ya ce alhamdulillahi, ya ce in gaida abokan karatu.

Shekarar da na gama, Mama ta koma Bena wurin yayata, aka sa 'yan haya a gidan. Malam kuma ya yi ritaya ya kwashe iyalinsa zuwa garinsu. Ina wurin hidimar ƙasa a kudu lokacin, sai daga baya na ji. Lambarsa da nake da ita ta daina shiga, na tambayi maƙwabtansa, kowa ya ce ya dai san can yamma ne, wajen gulbi. Har yau ban je ba.